Alƙalamin Wasiyya a Ingila: Yadda Aiki Ya Rabu Tsakanin Lauya da Marubucin Wasiyya

A Ingila da Wales, wanda ya yi niyyar rubuta wasiyyarsa a yau yana iya zuwa ofishin solisita, wato lauyan da yake karɓar jama'a kai tsaye yana tsara musu takardun shari'a, saɓanin barista wanda akasarin aikinsa tsayuwa ce gaban alƙali, kuma yana iya kiran marubucin wasiyya, wanda sana'arsa ke nan amma doka ba ta wajabta masa wata jarrabawa ko lasisi ko inshora ba. Mutane da yawa suna zaton lauya ne ainihin mai wannan aiki, marubucin wasiyya kuwa baƙo ne da ya kutsa kai daga baya, alhali tarihi bai goyi bayan wannan zato ba, domin babu wani zamani da dokar Ingila ta keɓe rubuta wasiyya ga lauyoyi su kaɗai. Abin da ta keɓe musu ayyuka ne da suke kewaye da wasiyyar, kuma dalilan keɓewar sun samo asali ne daga kotunan coci da buƙatar haraji, ba daga wani nazari a kan abin da zai kare magada ba.

A tsakiyar zamani dukiyar mamaci kashi biyu ce a idon shari'ar Ingila, kowane kashi da hukumar da take kula da shi. Ƙasa tana ƙarƙashin kotunan sarki, kuma galibi ba a iya yin wasiyya da ita, domin babban ɗa ne yake gaje ta bisa al'ada. Kayan da ake iya ɗauka kuwa, kamar kuɗi da dabbobi da tufafi da kayan ɗaki, suna ƙarƙashin kotunan coci, waɗanda su ne suke duba wasiyya su tabbatar da ingancinta, sannan su ba wasiyyi, wato mutumin da mamaci ya ɗora wa alhakin zartar da ita, izinin taɓa dukiyar. Ko a wannan kashin ma hannun mai wasiyya ba a sake yake ba, saboda tsohuwar ƙa'ida ta raba kayan gida uku idan ya bar mata da 'ya'ya: sulusi na matar, sulusi na 'ya'yan, sulusi ɗaya kaɗai yake da ikon bayarwa yadda ya so. Mai karatun da ya san fiƙihun gado zai ga kusancin wannan da iyakar sulusi a shari'ar Musulunci, ko da yake tushensu daban ne. Ƙa'idar ta daɗe da gushewa a kudancin ƙasar, amma ta ci gaba da aiki a lardin York har 1692, a Wales har 1696, a birnin Landan kuma har 1724.

Batun ƙasa ya canza ne a zamanin Sarki Henry na Takwas. Masu ƙasa sun daɗe suna kauce wa hanin ta hanyar danƙa filayensu ga amintattu waɗanda za su riƙe su domin amfanin wanda aka ambata musu, dabarar da take hana sarki kuɗaɗen da yake karɓa idan gado ya faɗi. Da ya toshe wannan hanya da dokar 1536, sai masu ƙasa suka yi ta gunaguni, har koken ya shiga cikin buƙatun 'yan tawayen arewacin Ingila a wannan shekarar, abin da ya kai ga dokar wasiyya ta 1540 wadda ta halatta yin wasiyya da mafi yawan ƙasa a rubuce. Daga 1660, bayan soke tsarin riƙon ƙasa a bakin hidimar soja, kusan duk ƙasar da mutum ya mallaka ta zama abin da zai iya bayarwa da alƙalami.

Tambayar da ta fi muhimmanci ga wannan tarihi ita ce wane ne yake riƙe da alƙalamin. Yawancin mutane a ƙarni na 16 da na 17 ba sa yin wasiyya sai ciwon ajali ya kwantar da su, kuma wanda yake kusa a irin wannan lokaci ba lauya ba ne, limamin coci ne, wanda littafin addu'o'in Cocin Ingila ya umurce shi da ya tunatar da majiyyaci ya tsara dukiyarsa ya bayyana basussukan da ke kansa. Masaniyar tarihi Margaret Spufford, wadda ta bi diddigin rubutun hannu a wasiyyoyin ƙauyukan Cambridgeshire irin su Orwell da Willingham, ta nuna cewa masu rubutawar sun haɗa da limamai da malaman makaranta da masu kantuna da manoma masu ɗan hali da suka iya rubutu, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne yake yi wa ƙauye guda wannan hidima shekaru da dama, yana maimaita jimlolin buɗewa iri ɗaya. A birane akwai masu sana'ar rubuta takardu, waɗanda matsayinsu ya yi kama da na masu rubuta wasiƙa da ake samu a bakin gidan waya ko ƙofar kotu a garuruwan Hausa, sai dai su sun yi ƙarfi har sun kafa ƙungiya a Landan tun 1373, suka sami takardar amincewar sarki a 1617, kuma mahaifin mawaƙin nan John Milton ɗaya ne daga cikinsu. Masu dukiya mai sarƙaƙiya ne suke neman lauya, kamar yadda William Shakespeare ya yi a watan Maris na 1616, lokacin da lauyansa Francis Collins ya tsara masa wasiyya mai shafi uku wata guda kafin rasuwarsa. Ke nan tun a wancan zamani zaɓin yana bin nauyin dukiya da nauyin aljihu.

Sakin da aka yi wa aikin ya jawo jabu da shaidar zur, musamman a wasiyyar baka, inda mutum biyu ko uku za su zo kotu su rantse cewa sun ji mamaci ya faɗi kaza a kan gadon mutuwarsa. Maganin da majalisar dokoki ta zaɓa, kuma ta ci gaba da zaɓa har yau, shi ne ta tsaurara sharuɗɗan takardar, ta bar marubucinta ba tare da sharaɗi ba. Dokar hana zamba ta 1677 ta wajabta cewa wasiyyar ƙasa ta kasance a rubuce da sa hannu da shaidu uku ko huɗu, ta kuma ƙuntata wasiyyar baka idan dukiyar ta haura fam 30. Dokar wasiyya ta 1837, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi, ta haɗe ƙa'idojin wuri ɗaya: a rubuta, mai wasiyya ya sa hannu ko ya amsa cewa sa hannunsa ne a gaban shaidu biyu da suke tare a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Ta ƙara da cewa duk kyautar da aka yi wa shaida ko mijinta ko matarsa ta ɓaci, kuma aure yana rushe wasiyyar da aka yi kafinsa. Waɗannan sharuɗɗa gajeru ne, ana iya karanta su cikin minti kaɗan, amma a kansu ne wasiyyoyi masu yawa suka karye, domin kuskuren da aka yi a ranar sa hannu ba ya bayyana sai bayan wanda zai iya gyara shi ya riga ya mutu.

A daidai wannan zamani ne sana'ar lauyoyin ofis take tsayawa da ƙafafunta. Dokar 1729 ta wajabta musu koyon aiki na shekara 5 a ƙarƙashin ƙwararre kafin a rubuta sunansu, kuma a 1804, lokacin da gwamnatin William Pitt take neman kuɗin yaƙi da Napoleon, ta ƙara musu harajin takardar izinin aiki, ta saka musu da keɓe musu tsara takardun cinikin ƙasa da gidaje a kan lada. Wannan keɓewa ita ce ta ciyar da ofisoshin lauyoyi na ƙananan garuruwa fiye da shekara 150, amma wasiyya ba ta shiga cikinta ba, kuma dokokin lauyoyi da suka biyo baya, har da ta 1974, sun ambace ta a fili a matsayin takardar da hanin bai shafa ba. Ƙungiyarsu ta Law Society ta kafu a 1825, ta riƙa ɗaukar nauyin jarrabawa da ladabtarwa sannu a hankali.

Ɗaya aikin da aka keɓe wa lauyoyi ya fito ne daga kotunan coci. Kafin 1858 akwai irin waɗannan kotuna fiye da 200 da suke tabbatar da wasiyya, babbarsu ita ce ta Babban Bishop na Canterbury, wadda take zama a Doctors' Commons kusa da majami'ar St Paul a Landan, kuma ita take karɓar shari'ar duk wanda ya bar kayan da suka kai fam 5 a yanki fiye da ɗaya na coci. Masu gabatar da takardu a waɗannan kotuna wani rukuni ne na musamman da ake kira furokta, waɗanda Charles Dickens ya siffanta jinkirinsu da tsadarsu a littafinsa David Copperfield. Dokar 1857 ta karɓe wannan iko daga coci ta miƙa wa sabuwar kotun gwamnati, sannan gyaran tsarin kotuna na 1873 ya narkar da furokta da sauran lauyoyin ofis cikin suna ɗaya, wato solisita. Ta haka solisita ya gaji haƙƙin shirya takardun neman tabbatar da wasiyya a kan lada. Sakamakon, idan aka dube shi da idon basira, bai da tsari: doka ta tsare cika takardun da ake kai wa kotu bayan mutuwa, aikin da sau da yawa bai wuce bin ƙa'ida ba, ta bar tsara wasiyyar kanta, inda ake buƙatar sanin dokar haraji da ta amana da ta iyali, ga duk wanda ya ga dama.

Duk da haka, a mafi yawan ƙarni na 20 gibin bai dami kowa ba, saboda lauyoyi suna rubuta wasiyya da araha da fatan za a dawo musu da aikin rabon gado, bankuna ma suna yin haka domin a naɗa su wasiyyai, talaka kuma yana sayen takardar da aka riga aka buga a kantin littattafai ya cike guraben da hannunsa. Abin da ya sauya lamarin shi ne mallakar gidaje. Dokar gidaje ta 1980 a zamanin Margaret Thatcher ta ba masu haya a gidajen ƙananan hukumomi damar sayen gidajen, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya cikin shekara 10, sai ga iyalai da ba su taɓa shiga ofishin lauya ba suna da kadarar da za a yi rigima a kanta. A 1985 kuma aka fasa keɓewar cinikin gidaje ta hanyar ba wasu ƙwararru da ba lauyoyi ba lasisi, iskar gasa ta shiga harkar shari'a. Cikin wannan yanayi ne kamfanonin rubuta wasiyya suka yawaita, suna zuwa gida da yamma ko a ƙarshen mako, suna magana da harshen da mutum zai gane, suna faɗin farashi tun kafin a fara, abubuwan da lauyoyi da yawa ba su damu da yi ba. Masu kishin sana'ar daga cikinsu sun kafa ƙungiyoyi biyu, Institute of Professional Willwriters a 1991 da Society of Will Writers a 1994, waɗanda suke wajabta wa mambobinsu horo da inshora da hanyar sauraron koke, sai dai shiga cikinsu ganin dama ne, kuma wanda aka kora yana iya ci gaba da aiki washegari.

Kotuna ne suka fara fayyace abin da yake kan mai riƙe alƙalamin. Matsalar shari'a a nan ita ce wanda ya yi yarjejeniya da lauyan ya mutu kuma bai yi asarar komai ba, wanda ya yi asarar kuwa bai taɓa yin yarjejeniya da kowa ba. A shari'ar Ross da Caunters ta 1979, inda lauyoyi suka aika wa mutum wasiyyarsa ba tare da gargaɗinsa a kan shaidu ba, mijin wadda aka yi wa kyauta ya sa hannu a matsayin shaida kyautar ta ɓaci, kotu ta ce matar tana da haƙƙin neman diyya. A shari'ar White da Jones, wadda kotun ƙoli ta wancan lokaci ta yanke a 1995 da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, wani uba ya cire 'ya'yansa mata biyu daga wasiyyarsa bayan saɓani, suka shirya, ya aika wa lauyoyinsa a watan Yuli na 1986 cewa a rubuta sabuwa a ba kowacce fam 9,000, aka yi ta jan ƙafa har ya rasu a watan Satumba, kotu ta ɗora wa lauyoyin biyan kuɗin. A 1998 babbar kotu ta faɗaɗa wannan nauyi zuwa kan kamfanin da ba na lauyoyi ba, tana mai cewa wanda ya karɓi lada a kan rubuta wasiyya ana auna shi da ma'aunin ƙwararre. A takarda, ke nan, nauyin ɗaya ne, amma hukuncin diyya ba ya amfanar magaji idan kamfanin ya rufe ko kuma ba shi da inshora.

A nan ne ainihin bambancin yake, kuma shari'ar Marley da Rawlings ta nuna shi ƙarara. A 1999 wani solisita ya shirya wa miji da mata wasiyyoyi biyu masu kama da juna, ya miƙa wa kowannensu ta ɗayan bisa kuskure, suka sa hannu, ba a lura ba sai bayan rasuwar mijin a 2006. Kotun Ƙoli ta gyara takardar a 2014, kuma kamfanin inshorar lauyan ne aka ɗora wa kuɗin shari'ar. Lauyan ya yi kuskuren da ko ɗan koyo zai ji kunyarsa, amma akwai aljihun da za a biya daga cikinsa, domin dole ne ofishin solisita ya riƙe inshorar da ba ta gaza fam miliyan 2 ba a kan kowace ƙara, ta ci gaba da aiki shekara 6 bayan rufe ofishin, akwai asusun biyan diyya idan an ci amana, hukumar da take kula da lauyoyi tana iya karɓe takardun ofishin da ya durƙushe ta adana su, kuma tun 2010 akwai ofishin karɓar koke-koke na kyauta wanda hukuncinsa yake hawa kan lauya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da doka ta wajabta wa marubucin wasiyya.

An sami damar toshe gibin, aka bar ta ta wuce. Dokar ayyukan shari'a ta 2007, wadda ta biyo bayan rahoton Sir David Clementi na 2004, ta lissafa ayyuka shida da aka keɓe wa masu lasisi, ciki har da tsayuwa a kotu da gudanar da ƙara da takardun ƙasa da takardun tabbatar da wasiyya, wato ta kwashe tsohon jerin da tarihi ya tara ta sake zuba shi ba tare da ta tambayi hikimarsa ba. A 2011 kwamitin da yake wakiltar masu amfani da ayyukan shari'a ya sa mutane sun yi wasiyyoyi kusan 100 ta hanyoyi daban-daban aka ba ƙwararru su duba, sai aka tarar kusan ɗaya cikin biyar ta gaza, a hannun lauyoyi da a hannun marubutan wasiyya baki ɗaya, sakamakon da ya kamata ya rage wa lauyoyi alfahari. Inda kamfanoni marasa lasisi suka fi muni shi ne wajen ciniki: tallar farashi mai rahusa da yake ninkuwa bayan an shiga falo, matsa wa tsofaffi su sayi tsarin amana da aka ce zai kare gida daga kuɗin gidan kula da tsofaffi, kuɗin ajiyar takarda na shekara-shekara, da ɓacewar wasiyyoyi idan kamfani ya watse. Bisa wannan ne hukumar da take sa ido a kan harkar ta ba da shawara a watan Fabrairu na 2013 cewa a mayar da rubuta wasiyya aikin masu lasisi, ba lauyoyi kaɗai ba, duk wanda ya cika sharuɗɗa, amma ministan shari'a Chris Grayling ya ƙi a watan Mayu, yana ganin ba a gwada hanyoyin da ba na tilas ba yadda ya kamata. Wannan hukunci yana da rauni, domin gasa tana gyara kasuwa ne idan mai saye zai iya gane aibin kaya ya ƙaurace wa mai su, wasiyya kuwa haja ce da mai sayenta ba zai taɓa ganin ranar gwajinta ba.

Lamarin yana da wata fuska ga Musulmin da suke zaune a can, ciki har da Hausawan Landan da Manchester. Idan mutum ya rasu ba wasiyya, dokar ƙasar ce take raba dukiyarsa, inda mata ko miji suke ɗaukar kayan gida da fam 322,000 na farko da rabin saura idan akwai 'ya'ya, iyaye kuma ba sa samun komai a wannan hali, matar da aka ɗaura wa aure a masallaci ba tare da rajista ba tana iya tashi ba ta da matsayin mata a idon doka. 'Yancin wasiyya shi ne yake ba Musulmi damar tsara rabon bisa farilla, amma sai marubucin ya san cewa dokar 1975 ta ba mata da 'ya'ya da waɗanda mamaci yake ciyarwa damar ƙalubalantar wasiyyar da ba ta yi musu tanadi mai ma'ana ba, cewa harajin gado na kashi 40 cikin 100 yana hawa abin da ya haura fam 325,000 amma galibi ba ya hawa abin da aka bar wa mata ko miji, kuma cewa gidan da yake Kano ko Zinder dokar inda yake ce take hukunci a kansa. Law Society ta fitar wa mambobinta jagora a kan irin wannan wasiyya a watan Maris na 2014, ta janye ta a watan Nuwamba bayan suka, wanda hakan ya bar fagen ga 'yan ƙwararru da kamfanoni masu zaman kansu. Dokar 1837 ɗin ma ta taɓa ƙasar Hausa kai tsaye, domin ta shigo Nijeriya cikin dokokin Ingila da aka gada, har Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke a shari'ar Adesubokan da Yunusa ta 1971 cewa Musulmi yana iya yin wasiyya a ƙarƙashinta ba tare da iyakar mazhabar Malikiyya ba, abin da ya sa wasu jihohi daga baya suka yi nasu dokokin da suka mayar da wasiyyar Musulmi ƙarƙashin shari'ar Musulunci.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara dagula iyakar maimakon su fayyace ta. Tun watan Nuwamba na 2019 an yarda solisita ya yi aiki a kamfanin da ba ya ƙarƙashin hukumar lauyoyi, inda inshorar dole da asusun diyya ba lallai su rufe abokin hulɗarsa ba, don haka sunan mutum kaɗai bai isa shaida ba sai an binciki matsayin ofishin da yake ciki. Hukumar kula da gasa da kasuwanni ta buɗe bincike a kan kamfanonin wasiyya marasa lasisi a 2023, ta fitar musu da jagora a 2024 bisa dokokin kare masu saye, waɗanda suka haɗa da damar janyewa cikin kwana 14 daga cinikin da aka ƙulla a gida. A watan Mayu na 2025 Hukumar Gyaran Dokoki ta ba da shawarar maye gurbin dokar 1837 da sabuwa, wadda za ta halatta wasiyyar lantarki, ta rage shekarun mai wasiyya daga 18 zuwa 16, ta daina rushe wasiyya saboda aure, ta kuma ba kotu ikon amincewa da takardar da ba ta cika sharuɗɗan sa hannu ba idan niyyar mamaci ta bayyana. Dukkan waɗannan gyare-gyare ne ga takardar, kamar na 1677 da na 1837, batun wanda ya cancanci karɓar lada a kan rubuta ta kuwa yana nan inda Grayling ya bar shi a 2013.